Zanzibar: amsa ga mai son zuwa saro kanumfari

Alhaji na ga tambayarka. Ka ce wani abokinka ya je hutu Zanzibar ya dawo maka da ƙullin kanumfari mai ƙamshin gaske, ya ce maka can kamar a banza yake, shi ne kake tunanin ka haɗa ɗan jarinka ka je ka saro ka kawo Kano, kuma kana so ka san wane irin gari ne, ya tashar jirgin ruwansu take, sannan Musulmi zai sake a can ko kuwa garin Turawa 'yan yawon buɗe ido ne kawai. Toh ni dai na yi shekaru ina aikin kiliyarin a Dar es Salaam, fitar da kayan mutane daga tasha, kuma na tsallaka Zanzibar sau ba adadi, wani lokaci don aiki wani lokaci don in huta da hayaniyar Dar. Bari in faɗa maka a gajarce tukuna: ka je, garin ya cancanci a gan shi, amma kar ka ɗauki jarinka da niyyar za ka shiga gona ko kasuwa ka cika buhuna da kanumfari ka loda a jirgi. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Farko dai sunan ma yana rikita mutane. Zanzibar ba tsibiri ɗaya ba ne. Manyan guda biyu ne, Unguja da Pemba, sai ƙanana birjik. Wanda kowa ke zuwa ya ɗau hoto shi ne Unguja, tsawonsa kamar kilomita 85, kuma a gefensa na yamma garin yake, yana kallon babban yankin Tanzaniya. Tsohon garin su mutanen wurin Mji Mkongwe suke ce masa, Turawa kuma Stone Town, wato garin dutse. Bayansa akwai Ng'ambo, ma'anarsa tsallake, don da can wani rafin teku ne ya raba su, masu kuɗi a gidajen dutse talakawa a tsallake, daga baya aka cike rafin aka shimfiɗa titi a kai. Har yau in ka tsaya a titin nan, kusa da kasuwar Darajani, ka dubi dama ka dubi hagu za ka ga bambancin da idonka. A ƙidayar 2022 mutanen Zanzibar gaba ɗaya, har da Pemba, ba su kai miliyan 2 ba. Kaga ba wata babbar kasuwa ba ce ta fuskar yawan jama'a.

To me ya sa ɗan wannan wuri ya yi suna haka har mu a nan muke jin labarinsa? Iska ce. Wallahi iska ce ta gina garin nan, ba gona ba. A tekun Indiya iska tana da ƙa'ida kamar yadda muke da damina da rani. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi, ita ce ke turo jiragen katako masu ƙyalle daga Oman da Yaman da gaɓar Indiya zuwa gaɓar Afirka ta gabas. Daga baya sai ta juya, ta koma busowa daga kudu, wannan ita ce kusi, ita ke mai da su gida. Yanzu ka yi tunani, ɗan kasuwa ya zo da dabino da busasshen kifi da yadi da tasoshi, ba shi da inji, ba zai iya komawa ba sai iska ta juya, dole ya zauna watanni. Yana buƙatar masauki, yana buƙatar sito, yana buƙatar dillali da mai ba shi bashi da mai yi masa tafinta, wani ma ya yi aure ya haihu. Wanda ya san yadda fatake suke sauka a hannun fatoma a Kano su yi wata da watanni kafin ayari ya tashi, ya riga ya fahimci rabin tarihin Zanzibar. Mu raƙumi da rairayi, su jirgi da ruwa.

Kuma wurin da garin ya zauna ba da ka aka zaɓe shi ba. Jikin tsibirin ya tare manyan igiyoyin ruwa da ke tahowa daga gabas, don haka gefen yamma a kwance yake, ruwan yana da zurfin da jirgi zai matso kusa, ga ruwan sha mai kyau daga idanun ruwa na tsibirin, ga shi kuma teku ta raba shi da yaƙe-yaƙen da ake yi a tudu. Musulunci ya daɗe a wurin sosai, akwai wani tsohon masallaci a Kizimkazi can kudancin tsibirin da rubutun jikin mihirabinsa ya nuna shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Turawan Fotugal sun riƙe gaɓar kusan shekara 200, Larabawan Oman suka kore su a 1698, suka gina ganuwar nan da ake kira Ngome Kongwe wadda har yanzu tana tsaye a bakin ruwa.

Amma wanda ya mai da garin abin da ya zama shi ne Sayyid Sa'id, sarkin Oman, da ya ga arzikin ya fi yawa a nan sai ya tattaro fadarsa daga Maskat ya dawo Zanzibar wajen 1840. Ka ji fa, sarki ya bar ƙasarsa ya koma tsibiri a Afirka saboda kasuwa. Shi ya matsa wa masu gonaki su shuka kanumfari, ya jawo attajiran Indiya suka riƙe kwastan da ba da bashi, ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Amurka tun 1833, har farin yadin da jiragen Amurka ke kawowa ya samu suna merikani a bakin mutanen yankin. Da kuɗin bashin Indiyawan nan ake haɗa ayari a tsallaka tudu, a bi ta Bagamoyo zuwa Tabora zuwa Ujiji a bakin tafkin Tanganyika har cikin Kwango, a dawo da hauren giwa da bayi. Tippu Tip, wanda ya fi kowa suna a wannan harka, gidansa na nan cikin garin, ya rasu a 1905.

Maganar bayi ba zan tsallake ta ba don a nan ne mutanenmu kan so su kau da kai. Kanumfarin da ya ɗaukaka Zanzibar bayi ne suka noma shi, kuma garin ya zama babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka har 1873 da Ingila ta tilasta wa Sarki Barghash ya rufe ta. A daidai filin kasuwar aka gina cocin Angilika, yana nan a Mkunazini, akwai wurin tunawa a gefensa, gumakan mutane a cikin rami da sarƙa a wuya. Na shiga sau ɗaya ban ƙara ba. Ka je ka gani, Musulmi ne da yawa cikin masu sayarwa, Musulmi ne da yawa cikin jikokin waɗanda aka sayar, kuma mu ma tarihinmu bai rasa irin wannan ba, don haka ba wurin nuna wa wani yatsa ba ne.

Yanzu ga inda labarin ya shafe ka. Arzikin Zanzibar na dillanci ne. Hauren giwa ba a tsibirin ake samunsa ba, yadi ba a nan ake saƙa shi ba, garin tsakiya ne kawai, kaya su shigo su kwana su fita, a ci riba a kai. To dillali kuwa ranar da mai kaya da mai saye suka san juna ya shiga uku. Jiragen tururi suka zo, su ba ruwansu da kaskazi ko kusi. Turawan Ingila suka fara shimfiɗa dogo daga Mombasa a 1896 ya kai tafkin Victoria a 1901, Jamusawa suka ja nasu daga Dar es Salaam zuwa cikin ƙasa, shi ke nan kaya suka koma sauka kai tsaye a tashoshin tudu, babu mai buƙatar ya biya ta tsibiri. Mulkin ma ya riga ya kuɓuce, tun 1890 Ingila ta sa Zanzibar ƙarƙashinta, kuma a ranar 27 ga Agusta 1896, bayan Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba, suka buɗe wa fadar wuta daga jiragen yaƙi da ke cikin tashar, ko minti 45 ba a yi ba aka gama, shi ne ake cewa yaƙi mafi gajarta a tarihi. Abin da ya rage wa garin sai kanumfari.

Shi ma kanumfarin, abokinka bai faɗa maka ba don shi ma bai sani ba, yawancinsa ba a Unguja yake ba. A 1872 wata guguwa ta taso daga teku ta kakkarye itatuwan Unguja ta farfasa jiragen da ke tasha, Pemba kuwa ta tsira, tun daga nan Pemba ta zama gidan kanumfari har gobe. Na taɓa zuwa Pemba lokacin tsinka, ƙamshi tun daga bakin ruwa, ko'ina ka duba an baza shi a tabarmi a bakin titi da ƙofar gida yana shan rana, ɗanyensa kore-kore da ɗan ja, bayan kwana kaɗan ya koma ruwan ƙasa mai duhu irin wanda ka sani. Da hannu ake tsinkarsa, mutum ya hau doguwar bishiya da igiya da ɗan buhu, kuma dole a cire shi kafin furen ya buɗe, in ya buɗe daraja ta faɗi. Duk shekara sai an samu waɗanda suka faɗo suka karye.

Matsalar ita ce manomin da ya sha wannan wahala ba shi da ikon ya sayar maka. Kanumfari a Zanzibar kayan gwamnati ne ta fuskar ciniki, akwai kamfanin gwamnati da ake kira ZSTC, shi ke saye daga hannun manoma a cibiyoyinsa, ya tantance daraja ta ɗaya ta biyu ta uku, ya sa farashi, kuma ta hannunsa ake fitarwa waje. In ka ga wani ya ja ka gefe ya ce yana da buhu hamsin a ƙauye zai ba ka a rabin kuɗi, to fasa-ƙwauri yake gayyatarka, irin wanda aka daɗe ana yi da daddare a kwale-kwale daga Pemba zuwa gaɓar Kenya, kuma in aka kama ku kai baƙo kai za ka fi shan wuya, kaya su tafi, fasfo ya tafi. Ƙullin da ake sayar wa baƙi a Darajani, rabin kilo ko kilo ɗaya na tsaraba, wannan babu mai hana ka. Amma tsaraba daban, sari daban.

In kuma da gaske kake kana da ƙarfin sayen tan-tan, to hanyar ita ce ka yi rajistar kamfani mai takardun shigo da kaya, ka tuntuɓi ZSTC a rubuce, a yi maganar daraja da farashi da yadda za a biya ta banki. Sai dai ka yi lissafi da kyau kafin nan. Zanzibar ta daɗe da sauka daga matsayin ta ɗaya a duniya, Indonesiya ce ke kan gaba wajen nomawa kuma ita ke cinye yawancin nata a cikin sigarinsu mai kanumfari, Madagaska kuma ta yi nisa wajen fitarwa. Manyan dilolin wannan kaya suna Dubai da Indiya da Singafo. Sau da yawa za ka tarar ya fi maka sauƙi ka saya a Dubai inda dama kana da wakili kuma kwantenarka na tasowa, da ka je tushen. Na san abin ba daɗin ji, mutum yana ganin in ya je gona ya yanke dillali, amma a wannan harkar dillalin ya fi ka arhar jirgi.

Dalili kuwa tashar ce. Tashar Malindi, wadda ke manne da tsohon garin ta arewa, ƙarama ce ƙwarai in ka gwada ta da Apapa ko Kwatano ko ma Dar. Wurin da jirgi ke jingina kaɗan ne, filin ajiye kwantena a matse yake don gari ya kewaye shi babu inda za a faɗaɗa, shi ya sa in ka tsaya a bakin ruwa da yamma kana iya hango jirage a tsaye can tsakiyar ruwa suna jiran layi. Manyan jiragen da ke ratsa duniya ba sa zuwa nan, ƙananan jirage ne ke kwaso kwantena su kai wata babbar tasha a sauke a sake lodawa a wani jirgin, kafin a zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu ko a bi ta wata hanyar zuwa Legas. Kowane sauke da lodi kuɗi ne da kwanaki. Ga kanumfari kuma ba ya son laima, in bai bushe sosai ba ko kwantenar ta yi gumi a hanya, ka buɗe a Legas ka tarar ya yi funfuna, kuka ba zai dawo da kuɗinka ba. Kar ka yarda da cinikin biri a sama, sai ka ga takardar gwajin danshi da ta lafiyar tsirrai.

Abin da ya fi burge ni a tashar nan ba kwantena ba ne, ɓangaren jiragen katako ne. Har yau suna aiki. Babban shi ne jahazi, mai ɗaukar kaya, sai mashua matsakaici, sai ngalawa ɗan siriri na masunta mai katako biyu a gefe kamar fukafukai don kar ya kife. Ka je da sassafe ka ga 'yan dako ba riga suna shiga ruwa har ƙirji suna sauke buhunan gawayi da siminti da katako da dankali daga tudu, ana ihu ana zage-zage da Suwahili, ga warin kifi ga na man inji. Yawancin abin da garin ke ci daga waje yake zuwa, har wutar lantarki ma ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take zuwa daga tudu, kuma da ta lalace a Disambar 2009 sai da tsibirin ya yi wata uku a duhu, masu janareta suka zama sarakuna. Shi ya sa kar ka yi tsammanin arha a komai. Akwai lokacin da mutanen Dar ke tsallakowa sayen talabijin da yadi da turare saboda harajin shigo da kaya ya fi sauƙi a tsibirin, musamman bayan Shugaba Ali Hassan Mwinyi ya saki kasuwa a shekarun 1980, amma in ka tsallaka da kayan zuwa tudu kwastan na iya neman cikon haraji duk da ƙasa ɗaya ce, kuma wannan na cikin abubuwan da 'yan kasuwar tsibirin suka daɗe suna ƙorafi a kai.

Ƙasa ɗaya ce amma da sharaɗi. Zanzibar ta samu 'yanci a Disambar 1963, wata ɗaya kacal, ranar 12 ga Janairu 1964, aka yi juyin juya hali aka kori sarki Jamshid, aka kashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, dubbai suka gudu, Abeid Karume ya zama shugaba, sannan a 26 ga Afrilu na shekarar shi da Nyerere shugaban Tanganyika suka haɗe Zanzibar da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Har yau tana da shugabanta da majalisarta da tutarta. Dogayen benayen Michenzani da za ka gani a Ng'ambo aikin zamanin Karume ne da taimakon Jamus ta Gabas. Shawarata, in ana hirar siyasa a majalisar kofi ka sha kofinka ka yi shiru, kusan kowane gida akwai wanda abin ya taɓa ta wani ɓangaren, kuma lokacin zaɓe garin yakan yi zafi.

Zuwan kuma. Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar ba a buga musu biza a filin jirgi, sai ka nema ta intanet tun kana gida ka jira a amince, ka fara da wuri kamar wata biyu kafin tafiya, kar ka sayi tikiti tukuna. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktobar 2024 kuma sun sa inshorar dole ga baƙi, dala 44, ta kamfanin inshorar gwamnatinsu. Jirgin sama za ka bi ta Addis Ababa ko Nairobi ka sauka kai tsaye a filin Abeid Amani Karume, ko ka sauka Dar ka hau jirgin fito, tafiyar kamar awa biyu ce a masu gudu irin na kamfanin Azam. Ko daga Dar ka taho sai an duba fasfonka a bakin tasha kamar ka shigo wata ƙasa. Ka sayi tikiti a ofis da kanka. Akwai samarin da ke tare baƙi tun daga ƙofa, mutanen garin papasi suke ce musu, wato kaska, kuma sunan ya dace, in suka maƙale maka sai ka yi da gaske. Lokacin kusi, wajen Yuni zuwa Agusta, ruwan yana da tashi musamman jirgin yamma, in kana da jiri ka hau na safe kar ka cika ciki, na sha ganin manyan mutane da babbar riga sun rungume leda. Kuma kar ka taɓa hawa jirgin da ka ga an danƙara masa mutane da kaya fiye da kima don arha. A Satumbar 2011 jirgin Spice Islander ya nutse tsakanin Unguja da Pemba da daddare, a Yulin 2012 wani mai suna Skagit ya bi, mutane da yawa suka rasu, har yau ba a manta ba.

Wani abu da ya taɓa kayar da ni, agogonsu. Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, awa ta ɗaya. Farkon zuwana na aiki wani yaro ya sayo min tikitin komawa, ya ce jirgi saa tatu na nusu, ni kuma na ɗan koyi ƙirga ina ji da kaina, tatu uku ne, nusu rabi, na ce toh uku da rabi na yamma, na soke tikitin a aljihu ko dubawa ban yi ba na koma na yi barcina. Ashe tara da rabi na safe yake nufi. Ranar sai sabon tikiti na saya, yaron yana ta dariya har da riƙe ciki. Duk lokacin da aka ba ka da baki ka ƙara shida ko ka rage shida, ko ka ce a rubuta maka.

Batun ko Musulmi zai sake, Alhaji ai gida ka je. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, a cikin tsohon garin kaɗai masallatai sun kai wajen hamsin, sai dai ba za ka gane wasu ba don ba su da dogayen hasumiyoyi, ƙofa ce kawai da takalma a bakinta. Yawanci Shafi'iyya ne, saboda haka kar ka yi mamaki in liman ya bayyana bisimilla a Fatiha, ko a sallar asuba ya ɗago daga ruku'u ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane ana amsawa da amin. Akwai Ibadawa jikokin mutanen Oman, akwai 'yan Shi'a na asalin Indiya, akwai coci biyu manya da wurin bautar Hindu, duk a cikin lungunan da ba su fi ka zaga su a awa ɗaya ba. Da azumi gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana kuma ba a son a ga mutum yana ci a titi, da sallah kuma kwana huɗu ake shagali a filin Mnazi Mmoja. Giya da tsiraicin da kake jin labari suna can bakin ruwa a otal-otal na Nungwi da Kendwa da Paje, in ba ka nema ba ba za su zo su same ka a unguwar Malindi ba. In za ka gai da dattijo ka ce shikamoo, zai ce marahaba, in za ka shiga gida ka ce hodi ka jira a ce karibu. Harshen ma za ka riƙa tsintar naka a ciki saboda Larabcin da muka sha tare, habari labari, sabuni sabulu, kalamu alƙalami, Alhamisi, dunia, shi kansa kanumfarin karafuu suke ce masa.

Lungunan garin kuwa sai ka rantse cikin birnin Kano kake ta wajen Kurmi, sai dai nan benaye ne hawa biyu hawa uku, mota ba ta shiga, babur da keke da amalanke kawai, kuma za ka ɓata, kowa yana ɓata, ka ci gaba da tafiya dai za ka ɓullo ko bakin teku ko titin Darajani. Da dutsen murjani na teku da farar ƙasa aka yi ginin, rufin kuma da sandunan wani itace mai fitowa a bakin ruwan gishiri, boriti, kuma tsawon sandar shi ke yanke faɗin ɗaki, daidai yadda azara ke yi a ginin ƙasa namu, shi ya sa ɗakunan dogaye ne sirara. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, baraza, nan dattawa ke zama. Ƙofofin katako masu sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu wasu da ƙusoshin tagulla irin na Indiya, su ne abin alfaharinsu. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, amma gishiri da ruwan sama suna cin gine-ginen, wanda aka yi wa faci da siminti ma ya fi saurin ruɓewa don dutsen ba ya samun numfashi. Beit al-Ajaib da Barghash ya gina a 1883, gidan farko da ya samu lantarki a tsibirin, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020 ana cikin gyara.

In ka je kar ka zo lokacin masika, Maris zuwa Mayu, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya kuma lungunan sukan koma rafi. Da magariba ka leƙa Forodhani, sunan ma daga kwastan ya samo asali don nan ake sauke kaya a da, yanzu kasuwar abincin dare ce. Ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a faranti, kuma kifin da ka ga an jera tun la'asar ana ta ɗumamawa ka bar wa Turawa. Ka nemi urojo, wani romo ne mai tsami da dankali da wani abu kamar ƙosai a ciki, ka kora da ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami a gabanka. Tsarabar kayan ƙamshi kuma ka shiga cikin Darajani inda matan gari ke saye, ba shagunan bakin hanya masu jera ƙulli da siffar taswirar Afirka ba. Kirfa da masoro da kurkum za ka samu masu kyau, za'afaran kuwa ba a noma shi a can, duk wanda ya ce maka na gonarsu ne ka wuce. Kanumfarin ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka danna farce a jikinta, mai kyau zai fitar da ɗan mai, kansa na nan bai gutsure ba, in ka jefa a kofin ruwa ya nutse ko ya tsaya a tsaye. Wanda ya kwanta a saman ruwa an riga an tatse mansa, kar ka biya kuɗin mai kyau a kansa.